Shanyar Kuɓewa a Makarantar Taubashina

A iya sanina, ruwa daga tudu yake gangarowa kwari, yaro kuma daga ƙauye yake zuwa birni neman boko. Haka na taso na tarar a gidanmu na Koki cikin birnin Kano, haka kuma na ci gaba da yi da gidan ya dawo hannuna. Soron nan nawa ya ga 'ya'yan dangi iri-iri. A kawo maka yaro da ƙullin kayansa da kaushi a ƙafa, ya yi wata da watanni yana tsoron tsallaka titin Ƙofar Mazugal, mu wanke shi, mu goge shi, mu sa shi a makaranta, bayan 'yan shekaru ya koma garinsu yana yi wa mai unguwa fashin baƙin labaran duniya. Ban taɓa jin ruwan ya juya ya hau tudu ba sai a kaina.

Kada wani ya ɗauka maganar jahili yake karantawa. Na yi boko. Aji uku na gama cif, na sa ƙafa ɗaya a na huɗu, sai mahaifina ya ce rumfa ta fi makaranta bukatata. Ina karanta jarida in tabarau yana kusa, ina sa hannu da biro, ba da babban yatsa ba, kuma akwai kalmomin Turanci da in na faɗe su sai yaran yanzu su yi tsit, don ba su taɓa jin irinsu ba. Sana'ata kuwa sayar da rediyo da tocila da batir a kasuwar Kurmi, har ƙafafuna suka ce sun gaji. Saboda haka duk wani abu mai waya ko mai maɓalli da ya taɓa shiga ƙauyen da uwata ta fito, ta hannuna ya bi.

A ƙauyen nan nake da taubashi. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, don haka a lissafinsa ni bawansa ne, ni kuma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Baƙauye. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da daɗin baki ba, ba mu kuma taɓa yin faɗa ba. Rediyon farko da ya mallaka ni na ba shi, kuma da an gama shirin Hausa yake kashe shi da sauri, wai Turanci ya fi cin batir. Na yi shekara da shekaru ina jan sa da wannan magana a duk taron biki da suna. Shi ma yana da tasa: ranar da na tsaya a bakin gonar dawa na yaba da kyan rakensu. Ƙa'idar taubasantaka ke nan. In ka ga abin dariya a jikin taubashinka ka rufa masa asiri, to ka ci amanar zumunci.

Da girma ya zo, sai muka ƙara ƙulla abin. Ɗana na fari ya auri 'yarsa, suka tafi Fatakwal inda yake aiki. Haihuwarsu ta fari mace ce, aka mayar mata da sunan mahaifiyata. Da lokacin yaye ya yi aka kawo mana ita, kuma ba wanda ya sake tayar da maganar komawarta. Ni ba na iya faɗar sunan, sai dai in ce Inna. Shi kuma Baƙauye Gwaggo yake ce mata. Ta tashi a gabana, lokacin da duk yaran gidan sun watse, daga ni sai matata Hajiya sai ita. Ita ke kawo min buta, ita ke shanye ragowar furata tun ban ce na ƙoshi ba, ita ke duba min wanda ya kira a waya. In na zauna a soro da hantsi ba ta nan, sai in ji kamar na fito ba hula.

Masifar ta faro ne daga wani biki. Hajiya ta tafi ƙauyen da ita ana tsakiyar zangon karatu, yarinya ta bi 'yan uwanta makarantarsu don kada ta zauna ita kaɗai cikin manya. Da suka dawo ko takalmi ba ta cire ba ta tsaya a kaina.

“Kaka, ka taɓa ganin zuciya tana bugawa?”

“Na ga ta saniya a mahauta, Inna. Har na ci.”

“Ba irin wannan ba! Ta mutum, a cikin ƙirji, tana buɗewa tana rufewa. A makarantar su Kaka na ƙauye ake nunawa. Suna da kwamfutar hannu mai faɗin allo, in ka taɓa da yatsa sai ta yi magana. Har da fanka a ajin.”

“Fanka? A garin da akuya ke kwana a masallaci?”

“Wallahi, Kaka. Kuma ba a ɗauke musu wuta.”

Na ce mata mafarki ta yi a mota. Amma Hajiya ta tabbatar. Wai wata ƙungiya ce ta zo ta gina musu ɗaki guda, ta kafa farantan sola, ta zuba na'urori, aka turo wani matashin malami da ya san kansu. Na zauna ina lissafin hanyar da motar kayan ta bi. Dole ta ratsa ta Kano. Wato ta wuce mu, ta wuce makarantar unguwarmu da ta yaye alƙalai da likitoci, inda yanzu Inna take sammako don ta sami wurin zama a ƙasa kusa da allo, ta miƙe ɗoɗar sai garin da ni na fara kai musu tocila. Mu ga wayar lantarki ta yi saƙar gizo-gizo a kan kowane gida, ba wuta a ciki. Su ba waya, ga wuta. Abin da ya fi ci min rai kuwa, wai Baƙauye aka naɗa ciyaman na kwamitin iyaye, shi ke riƙe da mabuɗi. Mutumin da in za a sa hannu sai an nemo masa tawada ya dangwala.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. To ni na zuba masa taki a watannin nan, buhu-buhu.

Ana cikin dogon hutu, damina ta fara ja da baya, sai ga shi a ƙofar gida da zabi biyu a rataye.

“Salamu alaikum! Bawana yana ciki, ko ya bi 'yan garuwa neman ruwa?”

“Shigo, Baƙauye. Karkaɗe ƙafarka, an yi shara.”

Ya zauna, ya sha ruwa, ya ɓata fuska kamar an ba shi maɗaci, sannan ya ce, “Biko na zo.”

“Bikon wa? Wace mai tsautsayin ce ta gudo?”

“Gwaggo. Ta farko kun ɗauko ta daga garinmu kun kawo ta wannan lungun, ba ku mayar mana ba har Allah ya karɓi abarsa. Ta biyun ma riƙewa za ku yi?”

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya gyara zama ya ce ba wasa ya kawo shi ba. Yarinya tana da kai, kuma a can yara uku-uku suke haɗuwa a kan na'ura guda, malami ya san kowa da sunansa. Ya ce na riƙe ta tun daga yaye, shi ma kaka ne, ba a kan bishiya ya tsinci uwarta ba. Na ce masa ilimi ba a gilashi yake ba, mu da alli da bulala muka yi, ga mu nan. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ai shi ya sa.”

Da abin ya ƙi ƙarewa muka kira uban yarinya. Yaron nan wayo gare shi, bai yarda ya tsaya tsakanin uba da suruki ba.

“Baba, gani ya kori ji,” in ji shi. “Kai ka san kan irin waɗannan kaya. Ka je da ita kafin a koma makaranta, ka duba da idonka. In na'urorin suna aiki yadda ake faɗa, a bar ta can ta yi karatu. In ba haka ba, ku dawo tare. Abin da ka faɗa shi ke nan.”

Wato an naɗa ni alƙali a shari'ar da nake da rabo a cikinta. Na karɓa da hannu biyu. Na shekara arba'in ina sayar da kayan maɓalli, na san babu wanda ba shi da ranar da yake ƙin tashi.

Ana gab da komawa makaranta muka hau mota a Ƙofar Ruwa, ni da Inna. Na sa babbar riga ta shadda da agogon da ya daina aiki amma bai daina kyau ba. Hajiya ta haɗa wa yarinyar kaya kaɗan, na ce ma ta rage, kwana nawa za mu yi.

Tun daga saukarmu na ga Baƙauye yana jan ƙafa. Ya kai ni gaida liman. Ya kai ni gaida mai unguwa. Ya kai ni duba wata tsohuwa da ba ta gane ni ba, ni ma ban gane ta ba. Ya nuna min tinkiyarsa da ta haifi tagwaye, yana shirin nuna min rijiya.

“Baƙauye, ban zo auren tinkiya ba. Ina makarantar?”

Ya laluba aljihu kamar mai neman ƙaya, ya fito da mabuɗin. Inna ta riga mu isa, tana tsalle a bakin ƙofa.

Gaskiya ɗaya ce, ɗakin ya yi kyau, kuma kyansa ya ƙara min ciwo. Daɓen siminti sumul, bencina sababbi, wani babban gilashi a bango, akwatin ƙarfe da aka jera na'urorin a ciki kamar faifai, manyan batura a kusurwa, ga fanka a sama. Na je na danna maɓallin fankar da yatsan gwani. Shiru. Na danna na ƙwan fitila. Shiru. Inna ta ɗauko na'ura ɗaya ta latsa, ta sake latsawa, ta ɗauko wata. Duk baƙi ƙirin, sai fuskarta da take gani a ciki.

“Kaka, me ya same su?” Ba ni take tambaya ba, shi take tambaya.

Ya share gumi da hula. Ya ce malamin ya tafi garinsu hutu, ya bar komai lafiya lau. Mutanen gari suna ta kawo wayoyinsu caji, ba matsala. Sai kwanan baya wutar ta fara rauni, tana zuwa tana tafiya, har ta ɗauke gaba ɗaya. Wasu sun ce tsawa ce, wasu sun ce baki ne. Ya aika a nemo mai gyara, bai zo ba.

Na yi salati a fili, na yi hamdala a ɓoye. Na dafa kafaɗarsa na ce, “Haka kayan zamani suke. Sai haƙuri.” Ban taɓa jin daɗin ba wa mutum haƙuri kamar ranar ba.

Daga nan na karɓi buta na zaga bayan ginin. A can na ga farantan. An kafa su a kan ƙafafun ƙarfe, tsayinsu bai wuce ƙugu ba, an kewaye su da shingen waya mai ƙofa. Sai dai farantan kansu ban gan su ba. Abin da na gani buhuna ne da tabarmi an shimfiɗa a kansu tun daga wannan gefe har wancan, an baza yankakkiyar kuɓewa, ga barkono ja wur, ga ganyen kuka a ƙarshe. Matar Baƙauye tana ciki tana juya kuɓewar da tafin hannu.

“Sannu da aiki, amaryar Baƙauye.”

“A'a, Alhajin birni! Yaushe a gari? Ya Hajiya?”

“Lafiya lau. Wannan wurin shanya haka, wa ya ba ku?”

“Ai Allah ya saka wa masu makarantar nan da alheri. Ka ga, ba akuya, ba kaza. Ga shi a karkace, ko yayyafi aka yi ruwa ba ya kwanciya. Kuma zafi gare shi, kuɓewa ba ta daɗewa. Da rana ta fito mu shanya, in ta faɗi mu kwashe.”

“Maigidan ya sani?”

“Shi ya ba mu mabuɗin. Ya ce tunda yara suna hutu, farantan ma zaman banza suke. Sai dai ya gargaɗe mu mu riƙa shimfiɗa buhu mai kauri, kada mu ɓata gilashin. Ka san shi da amana.”

Na tsaya da buta a hannu har na manta abin da ya kawo ni. Ba sai wanda ya yi aji huɗu ba. Mai cajin waya na bakin lungunmu yana da ɗan faranti guda, ko inuwar tattabara ce ta faɗa masa sai ya yi jifa. Su kuwa nan sun rufe nasu ruf, daga fitowar rana har faɗuwarta, sannan su buɗe shi ya kwana yana kallon taurari.

Nan take na yi shawara da zuciyata, muka daidaita. Ba zan yi ƙarya ba, ni ba maƙaryaci ba ne. An ce in duba in suna aiki. Na duba, ba sa aiki. Bayan la'asar in kama hannun Inna mu hau mota, in kira ubanta in faɗa masa abin da idona ya gani. In malamin ya dawo zai gane da kallo ɗaya, amma kafin nan yarinya ta koma ajinta a birni, shekara ta kama. Abin da ake bukata a wurina kawai shi ne in yi shiru na rabin yini. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na yi shiru har aka yi azahar. A masallaci dariya ta taso min a raka'a ta biyu, na danne ta da tari. Da aka fito aka yi shimfiɗa a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, saboda baƙo. Liman ya zauna, mai unguwa ya zauna, dattawan gari suka kewaye. Aka kawo tuwon dawa. Aka buɗe kwanon miya.

Busasshiyar kuɓewa.

Na ce a'uzu billahi, na sunkuyar da kai, na yanki loma. Na ci ta farko lafiya. Na ci ta biyu ina kallon ƙasa. Da Baƙauye ya bar ni, wallahi da na kai labari. Amma ya ga na yi laushi, kuma yana so ya wanke kunyar ɗazu a gaban mutanensa, sai ya fara. Ya ba da labarin rake, wanda kowa a wurin ya ji ya fi a ƙirga, suka yi dariya don ladabi. Sai ya ƙara.

“Ni fa na gano abin da ya kashe mana wutar nan,” in ji shi. “Baturan ne. Ina jin a rumfar bawana aka sayo su. Kun tuna irin waɗanda yake kawo mana? Ka sa a tocila da magariba, kafin isha'i sai ka kunna ashana ka duba ko tocilar tana ci.”

Wannan karon dariyar gaske suka yi. Har liman.

Jama'a, ku yi min adalci. Sana'ar da na ci, na sha, na aurar da 'ya'ya da ita. A gaban liman. Kuma ga amsa a cikin kwano, tana yauƙi a yatsuna. Na ajiye lomar, na gyara zaman hula, na juya wajen liman da murya irin ta mai neman fatawa.

“Allah gafarta Malam, ina da tambaya.”

“Bismillah, Alhaji.”

“Mene ne hukuncin mutumin da aka ba amanar wutar makaranta, ya cinye ta da tuwo?”

Kowa ya ɗago kai daga kwano, ni kuwa na ci gaba.

“Wannan miyar da kuke sha, ku bi ta a hankali kada ta ja ku. Lantarkin yaranku ne a ciki. Faranti abincinsa rana. Ciyaman ɗinku ya sa an lulluɓe shi da buhu, an baza masa kuɓewa tun daga safe har magariba, sannan a yaye masa ya sha hasken farin wata. Wai yana hutu! Ba tsawa ba ce, ba baki ba ne. Barkono ne da kuka. Ku je bayan makaranta ku ga inda iliminku yake bushewa.”

Ban taɓa cin nasara irin ta ranar ba, kuma ba na jin zan ƙara. Mai unguwa ya kwanta a gefe, hularsa ta gangara cikin kwanon wanke hannu. Liman ya ƙware, sai da aka bubbuga masa baya. Wani tsoho mara haƙori yana ta maimaita “ta ja ku, ta ja ku” yana share hawaye. Kafin a ɗauke kwanuka an naɗa Baƙauye Sarkin Shanya, kuma na ji labari sunan ya bi shi har kasuwar ƙauyen da ke gaba. Maganar Turanci da batir ta zama ƙaramar magana.

Ina cikin karɓar gaisuwar nasara na waiwaya don in ga yadda fuskarsa ta koma. Ba ya wurin. Sai hango shi na yi ya tattare riga, yana sauri irin wanda ban san yana da shi ba, yana ƙwala wa mata kira: “A kwashe! A kwashe duka! A kawo ruwa da tsumma!”

A lokacin ne na gane abin da na yi wa kaina.

Na ce to, ni zan kama hanya, kada dare ya yi mana. Liman ya ce ina, baƙon da ya yi wa gari irin wannan alheri ba ya tafiya bai ga amfanin aikinsa ba. Mai unguwa ya ce a yanka min kaza. Inna ta zo da gudu ta rungume ni, ta ce, “Kaka, an ce kai ka gyara!” Ta yaya mutum zai ce wa uwarsa ba da niyya ya yi ba?

Na kwana ina fatan hadari. Gari ya waye tangaran, ko gajimare ɗaya babu. Rana ta fito kamar an aiko ta. Wajen azahar muna zaune a inuwa sai muka ji ihun yara daga makaranta, fanka ta juya.

Inna ta ja ni har ciki. Ta jona na'ura ɗaya, ta jira, gilashin ya kawo haske. Yatsunta suna yawo a kai kamar a nan aka haife ta. Sai ga ta nan, zuciyar. Ja, tana kumbura tana saki, jini yana shiga ta nan yana fita ta can, wata murya tana bayani da Hausa tsantsa, a hankali, ba tsawa, ba bulala. Na tsaya ina kallo. Shekara saba'in da wani abu ina ɗauke da irinta a ƙirji, ban taɓa sanin ɗakuna gare ta ba. Na tuna ajinmu, da malaminmu da ya zana mana ita a allo ta fito kamar mangwaro. Da a ce an nuna min wannan ina aji uku, wa ya san inda zan tsaya? Kishin da nake yi da Baƙauye sai ya koma kan 'ya'yan mutane da ke tsaye a bayana, masu kaushi a ƙafa, suna cewa, “Wuce nan, mun ga wannan.”

“Kaka, taɓa ka gani.”

Na taɓa. Ba abin da ya motsa. Na danna da ƙarfi, ta ce kada in fasa. Baƙauye ya miƙo babban yatsan nan nasa na dangwale, ya ɗan shafa, hoton ya juya. Har na'urar ma ta san nata.

A garin ba a samun sabis sai an hau wani suri da ke bayan masallaci. Can aka kai ni, aka riƙe min hannu na hau, da babbar rigata da komai. Baƙauye yana tsaye a ƙasa, Inna tana gefensa. Na kira Fatakwal.

“Baba, kun je? Ya kuka gani?”

“Mun je. Hanyar ba kyau. Sauro kuma kamar a sa musu linzami.”

“Na'urorin fa, Baba?”

“Ruwan garin ma yana da ɗan gishiri-gishiri. Kuma shugabancin makarantar yana bukatar gyara sosai.”

“Baba. Suna aiki?”

Na dubi ƙasa. Yarinyar ta ɗaga kai tana kallona, ta haɗa hannuwa a ƙirji. Shi kuwa ya kawar da kai yana kallon gona.

“Suna aiki,” na ce.

Har yau ban ga laifina ba a cikin wannan al'amari. Laifin mai girki ne. Da miyar taushe aka yi, ko ta yakuwa, da yanzu wani labarin nake rubutawa.

Sallamar ba ta yi tsawo ba. Ta ce in gaida Hajiya, in ce a aiko mata da sauran kayanta da takalminta na makaranta, kuma in an yi hutu za ta zo ta koya min. Na ce ta riƙa cin abinci, kada ta yarda su sa ta surfe. Ta ce to. Tana faɗa tana waiwayen makarantar, don 'yan uwanta sun riga ta komawa. Na ce ta je. Ta tafi da gudu.

Baƙauye ya raka ni bakin hanya, shi ya ɗaukar min jaka. Muka tsaya a gindin wata tsamiya muna jiran mota. Na jira ya fara. Yana da abin faɗa ya fi cikin kwando: ga ni zan koma ni kaɗai, da bakina na ba shi, a kan suri na yanke wa kaina hukunci. Sai tauna goro yake yana kallon hanya.

“Sarkin Shanya,” na ce, “yau bakin ya mutu ne?”

“Uhm.”

“Ka ce wani abu mana. Ka ce bawanka ya yi maka aiki kyauta.”

Ya ɓare goron ya miƙo min rabi. “Zan kawo ta da kaina duk hutu,” in ji shi. “Ba sai ka aiko ba.”

“Ban tambaye ka ba. Zagina za ka yi ko kuwa?”

“Yau dai na ƙyale ka.”

Na sha zagi a bakin mutumin nan tun ba mu da wando, ba wanda ya taɓa yi min zafi kamar wannan. Motar ta zo, ya sa min jakar a ciki, ya ce wa direba ya bi da ni a hankali, dattijo ne. Yaron mota ya leƙo ya ce, “Baba, mutum nawa?”

Na ce ɗaya.